Sunan da Manya Suka Raɗa Mana

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Hadiza mutuniyar Gafati, yanzu ina zaune a Zango.

Lokacin da fari ya kore mu daga ƙauye bara, manya suka zo da kamiyo, babbar motar kaya, suka rubuta mu, suka ce mu ne "sinistire", wato waɗanda bala'i ya faɗa wa, kuma ƙasa duka tana bayanmu. Wallahi har daɗin sunan na ji, don da shi ake auna mana jar dawa.

To yau kowane malalaci sinistire ake ce masa. Ran Juma'a na tuƙa tuwo na kai wa maƙwabciyata mai jego, kamar yadda muke yi a ƙauye. Ƙanwar mijinta ta buɗe kwanon, ta ga ja, ta ce, "Inna, mayar, ba ma cin tuwon sinistire." Mai jegon ta sunkuyar da kai. Na kuwa san ranar ba su ɗora tukunya ba.

Ban riƙe su ba, tsoron sunan ne ya fi musu yunwa. Ina gaida mutanen Gafati duk inda suke. Malam, a tambayar mini manyan: yaushe za su zo su karɓi sunansu?