Me Za a Auna?

A tashar Kafanchan, Afiniki na jiran motar Zonkwa ta cika, sai ta lura da wata matashiya tana tauna citta, tana tofar da yawu.

"Wata nawa ne?" in ji Afiniki.

"Biyu. Rage murya, Mama, ko uwar mijina ba ta sani ba."

"Kin fara zuwa awo?"

"Cikin da bai fito ba, me za a auna?"

"Haka na ce ni ma. Da zazzaɓi ya kama ni, kemis na je. Kunya ta hana ni cewa ina da ciki, na shanye abin da aka ba ni."

"Yaron fa, ya girma?"

Afiniki ta juya tana kallon titi.

"Ko jaje ba wanda ya zo mini. Wa ya san da shi?"