Kumburin Idona da Tattabaruna

Assalamu alaikum 'yata mai gabatar da shiri, sannu da ƙoƙari. Yau Talata, jikin da sauƙi, sai dai ƙafafu sun ƙi kai ni masallaci. Sunana Malam Ilu, tsohon tela a nan garin Sabha. Tun rasuwar mai ɗakina, tattabaruna ne abokan hirata.

Bara fatar idona na hagu ta kumbura, ba zafi ba ƙaiƙayi. Wata shida ina rambaɗa kwalli, ina cewa zai wuce. Da aka yanki ɗan naman aka gwada a asibiti, likita ya ce limfoma ce, wani ciwon daji mai tafiyar hawainiya. Sai ya tambaye ni, "Ya Hajj, kana kiwon tsuntsaye?" Ya ce akwai ƙwayar bakteriya da ake shaƙa daga busasshen kashinsu, kuma a jikin wasu ita ke tayar da ciwon. Ni kuwa kullum da hannuna nake share ɗakinsu, in tara wa masu lambu taki. Ya ba ni maganin kashe ƙwayar, kumburin ya fara sacewa, amma ya ce gara in rabu da su.

Jama'a, kumburin ido in ya daɗe, a je asibiti. Ku kuma ba ni shawara: akwai dabarar da zan zauna da tattabarun nan lafiya?

Wani manomi daga ƙauyen Zighan ya yi alkawarin zuwa yau ya kwashe su. La'asar ta wuce, bai zo ba. Allah ya yafe mini, ban ji haushi ba, har ƙarin hatsi na watsa musu.