Usur Na Baƙo Ne

A bakin ƙofar jami'a wani ɗalibi ya kafa tebur yana raba wa mata usur kyauta. Wata ɗaliba ta ɗauki ɗaya.

"Malama, in baƙo ya tare ki, ki busa sau uku," in ji shi. "Mu 'yan ƙungiyar rakiya za mu zo da gudu."

"In wanda na sani ne fa?"

"Wannan usur na baƙo ne. Wanda kika sani ai magana za ku yi."

"Ƙawata ta yi magana. Ta ce a'a har muryarta ta dishe. Ɗan ajinsu ne, littafi ta je karɓa ɗakinsa."

"Da ƙafarta ta shiga?"

"Da me ake shiga ɗaki?"

"To kin gani. Ya ba ta lemo?"

"Ya ba ta."

"Ta sha?"

"Rabi."

Ya ɗan yi tunani. "Tunda ta sha rabi, wannan rashin fahimta ne, ba fyaɗe ba. Fyaɗe sai da duhu, da lungu, da wanda ba a san sunansa ba. Amma faɗa mini ko waye, mu ja masa kunne."

"Ɗan ƙungiyarku ne. Shi ke riƙe muku tocila."

Ya shiga gyara jerin usur a kan tebur. "Ɗauki biyu. Ƙanwata ma da ta shigo bana biyu na ba ta."

"Ku kuke raka ta?"

"Allah ya kiyaye. Na hana ta ko gaisawa da su."

"Don me?"

"Haba Malama. Ai na san su."