Mitar da Ba Ta San Azumi Ba

HUSEINA: Halo? Salamu alaikum. Wa ke magana?

BRIDGET: Hajiya Huseina? Yaya, ni ce, Bridget.

HUSEINA: Wa? Ɗaga murya, ba na ji.

BRIDGET: Bridget ta Sabon Gari! Maman Ifeanyi!

HUSEINA: A'a, Maman Ifeanyi! Ke ce kike magana kamar daga cikin tulu? Ina wuni?

BRIDGET: Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya? Ya ibada?

HUSEINA: Alhamdu lillahi. Ya ruwa?

BRIDGET: Ruwa ya yi gyara.

HUSEINA: Ya yi kam, har layin waya ya shiga ya gyara. Ya yara? Ifeanyi ya bar tarin nan?

BRIDGET: Ya bari. Ya Alhaji? Ya mutanen Fagge? Ya makaranta?

HUSEINA: Duk lafiya. Makaranta muna hutu, kunnena ya dawo. Daga ina kike bugowa? Ko kun sa waya kun ɓoye min?

BRIDGET: Ina fa! Daga shagon maganin Boniface ne. Ga shi nan yana kallona.

HUSEINA: To, wadda ta tako shagon Boniface bayan la'asar ba gaisuwar azumi kaɗai ta kawo ta ba. Ina mijinki?

BRIDGET: Ikechukwu yana masaƙa, aikin yamma yake. Amma Yaya, yau da safe ya jawo akwatunan ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado yana kakkaɓewa. Wai mu koma Anacha.

HUSEINA: Anacha? Biki ake yi?

BRIDGET: Komawa gaba ɗaya.

HUSEINA: Hmm. Me ya yi zafi?

BRIDGET: Mita ce ta jawo.

HUSEINA: Ai na sha gaya miki, Bridget. Namiji ya dawo daga aiki a gajiye, ki bar shi ya sha ruwa kafin ki fara.

BRIDGET: Ba tawa ba!

HUSEINA: Ta uwarsa?

BRIDGET: Haba Yaya! Mitar wuta!

HUSEINA: Wuta? Inna lillahi! Gobara aka yi?

BRIDGET: Ba gobara! Mita, mai auna wutar lantarki! Ta masaƙa!

HUSEINA: Au. To ki ce haka mana. Har na miƙe tsaye da bakin azumi.

BRIDGET: Wata sabuwa ce aka kawo musu daga Jamus, shi ya haɗa ta, tunda shi ne babban mai gyaran wutarsu. Kowane sashe tana ganin wutar da yake sha, injinan saƙa daban, wurin rini daban, ofis daban. Akwai wata allura da ke zanawa a takarda dare da rana. Ma'aikata har suna suka sa mata, wai Raƙibu.

HUSEINA: Sun yi ƙoƙari. Saura a kawo Atidu daga Faransa.

BRIDGET: Kada ki ba ni dariya, raina a ɓace yake. Ba rubutu kaɗai take yi ba. In wutar da ake sha ta haura iyakar da aka sa mata, da kanta take kashe wani layin, don kada babban layi ya faɗi injina su tsaya. Tana farawa da wanda aka ce mata shi ne mara muhimmanci.

HUSEINA: Wa ya ce mata?

BRIDGET: Shi. Shi ya jera mata su.

HUSEINA: Me ya sa a ƙarshen sahu?

BRIDGET: Rumfar ma'aikata. Inda suke hutawa, suke salla. Fankoki, da na'urar sanyaya ruwa.

HUSEINA: To fa.

BRIDGET: Yaya, da sanyi ya jera su! Lokacin kowa da rigar sanyi, wa ke neman fanka? Yanzu kuma da an yi la'asar masu aikin yamma sun kunna tukwanen rini, sai ka ji ƙas! Rumfa ta mutu. Kafin magariba ruwan nan ya koma kamar na wankan jego. Tun da aka kama azumi haka ake yi kullum.

HUSEINA: Su kuma suka ce?

BRIDGET: Suka ce da gangan ne. Wai ai ba ya azumi, me ruwansa. Wani ma ya ce... halo? Halo, Yaya?

HUSEINA: Ina ji. Ci gaba.

BRIDGET: An rubuta masa magana da alli a jikin babur. Ba zan maimaita miki ba. Kuma har Ilu, ƙaninki, da suke cin abinci a kwano ɗaya a masaƙa, jiya ya gaishe shi sai ya kau da kai. Wannan ce ta fi cinsa. Ya ce min, Bridget, wancan karon ma, lokacin rikici, daga daina amsa gaisuwa aka fara.

HUSEINA: Ilu ki bar min shi. Ni na goya shi, na san inda wayonsa ya tsaya, ba nisa. Amma shi mijin naki, bakinsa ciwo yake? Bai yi musu bayani ba?

BRIDGET: Ya yi. Ya ɗauko takardar allurar ya baje musu, yana nuna musu inda zane ya hau, inda ya sauka.

HUSEINA: Madalla. Mutum ya wuni a gaban inji da ƙishirwa, a tare shi da zane. Lallai sun ƙoshi. To ya sauya jerin mana. Ba wani abu da za a kashe sai ruwan masu azumi?

BRIDGET: Akwai... iyakwandishan ɗin ofishin manaja. Manya, har da na ɗakin taro.

HUSEINA: Shi manajan, Baturen nan, yana ciki da yamma?

BRIDGET: Ina! Kafin la'asar ya tafi kulob. Barinsu ake yi a kunne har safe, don ya tarar da sanyi.

HUSEINA: Wato kujera tana shan iska, masu saƙa suna shan ruwan ɗumi. Ita Raƙibun ba ta rubuta wannan ba?

BRIDGET: Ta rubuta. Ikechukwu ya ce sun ninka rumfar shan wuta nesa ba kusa ba. Amma wai sanyin manaja ba a taɓa shi.

HUSEINA: Manajan ne ya faɗa?

BRIDGET: A'a. Ba wanda ya tambaye shi.

HUSEINA: Ikon Allah. Mutum zai iya kwashe mata da yara da keken ɗinki zuwa Anacha, amma ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba. Ba don a rage ɓarnar wuta aka sayo abin ba? Gobe ya ɗauki zanen nasa ya kai wa Bature, shi ne mai cin irin wannan tuwon. Zai ma ce shi ya fara tunanin.

BRIDGET: In kuma ya ƙi?

HUSEINA: Sai mu san ya ƙi. Ki saurare ni, Bridget. Na riƙe muku makullin gida sau ɗaya, lokacin rikici, ina zuwa ina share tsakar gidan da ba kowa. Ban ji daɗin aikin ba. Ba zan sake ba.

BRIDGET: Yaya...

HUSEINA: Kada ki yi min kuka a wayar Boniface, zai ce kin jiƙa masa kaya. Gobe ta gobe ce. Yau fa? Firijin nan da kika cika mana kunne da shi, yana aiki?

BRIDGET: Yana yi. Cike yake da ƙanƙara, ta masu sayar da lemo ce.

HUSEINA: Yau su sayar da zafi. Ki juye ta duka a buhu, ki tari tasi zuwa masaƙar, can Bompai. Kada ki ba maigadi, kada ki shiga da ita da kanki. Ki sa a kira miki shi, ya ɗauka a kafaɗarsa ya kai rumfa, ya fasa musu da hannunsa.

BRIDGET: In suka ƙi karɓa fa?

HUSEINA: Ƙanƙara? Da magariba? Ba ki taɓa azumi ba, shi ya sa.

BRIDGET: Me zai ce musu?

HUSEINA: A sha ruwa lafiya. Ya tsaya nan. In ya ƙara da bayanin mita, ki taka masa ƙafa.

BRIDGET: To akwatunan kuma, in mayar da su ne ko in bari sai...

HUSEINA: Bridget, rana ta sauka kan katangata. Tashi.

BRIDGET: Amma Yaya, ban ma yi miki godi...

HUSEINA: Na ajiye.