Jan Fenti a Bangon Ɗakin Tsohuwata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar kaya, manyan baƙinmu na kamfanin motoci da aka ba kujerun gaba, iyayen kasuwa maza da mata, direbobi, makanikai, 'yan dako, waɗanda suka zo don su ji da waɗanda suka zo don inuwa kawai, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina kuma gaida sakataren ƙungiya, mijin 'yata, wanda tun da na miƙe yake ta gyaran hula. Ɗago kanka, ɗana, ba da kai zan fara ba.

Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da yake na san ba da son rai aka ba ni ba. An ajiye ni a ƙarshe, bayan an raba ruwa, lokacin da mutane suka fara laluben takalmansu, kuma an aiko a gaya mini in yi addu'a in zauna. Addu'a zan yi, amma tana can ƙarshe. Ban zo da takarda ba, domin ban taɓa zama a aji ba. Abin da zan faɗa a cikin kaina yake, kuma ya daɗe a can.

Domin baƙinmu su san inda aka dosa, ga yadda maganar take. Yau za a ɗaga hannu a kan ko ƙungiya ta sayi wannan ƙatuwar motar lantarki da ke tsaye a waje. Siton da muke ajiye kaya yana ƙarshen lungunmu, motar kuwa ta fi lungun faɗi. Sai kwamiti ya ga cewa a faɗaɗa lungun, ya bi gida-gida yana shafa jan fenti a duk bangon da za a rushe. Bangon da ya fi kowanne shan fenti nawa ne. Bayan wannan bango akwai gado, a kan gadon akwai tsohuwata, uwar 'ya'yana, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun bara. Ta tagar wannan bango take gaisawa da masu wucewa, ta nan take sanin gari ya waye, ta nan take faɗa da masu tallan da ke tashinta daga barci. Ba mu da wani ɗakin da za a kai ta.

Magana ta farko: ni ba na gaba da lantarki. Na ji ana cewa tsoho yana tsoron sabon abu. Da jaki na fara wannan sana'a, na bar jaki na kama amalanke, na bar amalanke na kama a-kori-kura, wadda ta shanye mai, ta bar mini hayaƙi a ƙirji, har yau shi nake tari. Da na ga motar nan ta taso ba ƙara, ba hayaƙi, ba wari, wallahi ta burge ni. Wanda ya shafe rayuwarsa yana tura mota da sassafe don ta tashi ba zai raina motar da ake taɓawa ta tafi ba. Ba da wutarta nake faɗa ba, da girmanta nake faɗa.

Magana ta biyu ita ce gwaji. Tun zamanin jakuna muna da yadda muke gwada abin ɗaukar kaya kafin ƙungiya ta karɓe shi, kuma gwajin kashi biyu ne. Da farko a loda masa kaya a ga ko zai durƙushe. Bayan nan a kora shi cikin lungu mafi matsi, da kayan a bayansa, a ga ko zai fita ta ɗaya bakin bai gogi bangon kowa ba. Da motoci suka zo, sai mutane suka koma hawa da kansu a maimakon buhuna, amma kashi na biyu bai canza ba. Ranar da aka kawo wannan mota, duk mai ƙafa ya hau. Direbobi suka hau, 'yan dako suka hau, mai shayi ya hau da butarsa a hannu, har mai gadin kasuwa ya bar ƙofa a buɗe ya hau. Mota ko gezau. Aka yi ta tafi, aka yi ta ɗaukar hoto. Da hayaniya ta lafa na ce, "To, madalla, sai lungu." Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, rana ta yi zafi, a bari sai wani jiƙon." Wani daga saman motar ya ce, "Baba, wannan ai ba jaki ba ne!" Aka fashe da dariya. Aka riƙe rabin gwajin da ake yi wa tafi, aka jefar da rabin da ake jin kunya. Da aka gano daga baya cewa ba za ta shiga ba, babu wanda ya ce mota ta faɗi gwaji. Sai aka ce lungu ne ya faɗi.

Magana ta uku, ku dubi can baya, kusa da ƙofa, ga Uwar Kaji mai sayar da ƙwai tana zaune. Ita ta fara sayen 'yar ƙaramar motar lantarki a kasuwar nan, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Ranar da ta shigo da ita, wani direbanmu ya ce, "Yaya, wannan mota ce ko kujerar wanzami?" Ta leƙo ta ce, "Ƙanena, in ka gama dariya ka matsar da taka, ni ce mai shiga ciki." Ta shige lungu, ta sauke ƙwanta a bakin ƙofa, ta juya ta fito, shi yana nan a bakin titi yana neman wanda zai ɗaukar masa kaya a ka. Tana zaune tana ciniki, motar tana cin wuta a soket ɗin shagonta. Yanzu masu burodi ita suke roƙo, teloli ita suke jira, mai sayar da magani ita yake wa waya. Wanda ya kira ta kujerar wanzami ma na gan shi da idona ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta, yana tambayar inda ake samu. Ba zan nuna shi ba, ya san kansa.

Wannan shi ne abin da mutane suke nema, kuma ba ni kaɗai nake faɗa ba. Muna son mota mai bodi daidai ƙugun mutum, yadda ɗan dako zai sauke buhu daga kansa ba sai ya hau tsani ba. Muna son ƙofa mai mariƙi, wadda hannu mai gumi zai ja ta buɗe. Ba mu nemi talabijin a gaban direba ba, ba mu nemi kujera mai ɗumama baya ba. An ce wannan babbar za ta yi tafiyar yini ba ta nemi wuta ba. To, ina za mu? Tafiyarmu daga kasuwa zuwa tasha ce, daga tasha zuwa sito, daga sito zuwa ƙofar mai kaya. Me ya sa za mu yi ta jan batirin da ya fi kayanmu nauyi, saboda tafiyar da ba za mu taɓa yi ba?

Na tari wannan bawan Allah mai farar riga, wakilin kamfani, na ce, "Ɗana, wannan ba ta da ƙanwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba kai ka fara tambaya ba. Duk inda muka je ƙanwar ake nema. Amma wannan aka aiko mana." Ban ga laifinsa ba, ɗan aike ne, kuma ya faɗi gaskiya. Sai dai, ɗana, in ka koma ka gaya wa masu aikowa: su suna ƙera mota don manyan tituna, mu kuwa a lungu aka haife mu, a lungu muke ci, kuma ta lungu za a fitar da mu. Su aiko ƙanwar. Ga masu saye nan cike da ɗaki.

Magana ta huɗu ta cikin gida ce, kuma baƙi su yi haƙuri. An naɗa ni uban ƙungiya, aka ba ni kujera mai hannu, aka daina tambayata komai. Aka canza ofis ban sani ba. Aka sayar da tsohon ma'auninmu, a bakin mai shayi na ji. Duk na haɗiye. Amma ranar fenti ba na gida, kuma wanda ya riƙo gwangwanin mijin 'yata ne. Tsohuwa ta ji motsi ta taga ta ce, "Wa nake ji a jikin bango?" Ya ce, "Ni ne, Inna, ɗan fenti ne kawai." Ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka! Ka bi har wajen tagar nan, can ma ya koɗe." Ta ɗauka gyaran gida ya zo yi mata. Shi bai gaya mata ba. Ni ma da na dawo na same ta tana murna, tana ba maƙwabta labarin surukinta mai hankali, ban gaya mata ba. Har yau ba ta sani ba.

Saboda haka ga abin da nake nema a gaban wannan taro, kuma ba alfarma ba ce, ƙa'idarmu ce. Kada a ɗaga hannu sai an ƙarasa gwaji. Mota tana waje, makulli yana aljihun mai farar riga, lungu yana inda yake. A hau kamar yadda aka hau, a tafi da mai shayi da butarsa. In ta shiga ta fita ba ta gogi bango ba, hannuna ne zai fara tashi. In ba ta shiga ba, to ta faɗi, kamar yadda jakuna da yawa suka faɗi a gaban iyayenmu, kuma ban taɓa jin an rushe gidan mutum saboda jaki ya yi ƙiba ba. A mayar da ita cikin mutunci, a jira ƙarama. In kuwa kun zaɓi ku ɗaga hannu ba gwaji, ba zan hana ku ba, ni mutum ɗaya ne. Amma ba ni zan gaya wa tsohuwa ba. Kwamiti zai shiga ɗakin, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin gadon, ya gaya mata da bakinsa.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba baƙinmu kasuwa mai albarka, ya mayar da su gida lafiya da saƙonmu. Allah ya kare direbobinmu a hanya, ya sauƙaƙa wa 'yan dako nauyin da ke kansu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka koya mana wannan sana'a.

Saura saƙo ɗaya. Da zan fito, tsohuwa ta kira ni ta taga ta ce, in na ga surukinta a wajen taro, in tambaye shi yaushe zai zo ya ƙarasa fentin, don ya bar mata bango rabi da rabi. Ta ce kuma in ba damuwa, ta fi son shuɗi. Sakatare, na isar.

Na gode.