Sallama da Bencunan Tsibirin Orise

Mai girma shugaban taro, Okonogi-san, mataimakin magajin gari. Wakilan ofishin raya al'adu da suka tsallako teku tun da safe. 'Yarmu Nagisa da 'yan'uwanta masu zane da sassaƙa. Direban jirgin fito da mutanensa. Sai ku maƙwabtana, ku ashirin da ɗaya da na san sunan kowa da ciwon kowa. Ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku sannu da zama.

Ni ce Kuramochi Fusae, shugabar ƙungiyar mazauna wannan tsibiri. Ba don na fi kowa aka ba ni ba, sai don ni kaɗai ce har yanzu kunnena ke jin waya. An ce in yi jawabin godiya kafin a kwashe bencunanmu tara zuwa sabon lambun birni. Godiya zan yi, don ta zama dole. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi, ku yi mini haƙuri in na haɗa da abin da ba a sa ni ba.

Magana ta farko, yabon gwani. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo mana masu sassaƙa, aka ce za su yi bencuna daga bakin tasha har maƙabartar da ke kan tudu, mutane su zo kallo, gari ya farfaɗo. Lokacin mu tamanin da bakwai ne. Nagisa ta sauka a gidana wata uku. Kafin ta taɓa katako, sai da ta bi mu gida-gida da igiyar awo, tana gwada daga diddigenmu zuwa gwiwa, don kada tsoho ya zauna ya kasa tashi. Marigayi Genzo masunci ya ce mata, "Ke 'yar nan, benci za ki yi ko akwatin gawa kike auna mana?" Ta ce, "Baba, in ka ba ni tsohon jirginka da ke ruɓewa a bakin ruwa, za ka gani." Ya ba ta. Ranar da aka buɗe, ya zagaya bencin sau biyu, ya ce, "Wannan ai haƙarƙarin kifi ne! Kyanwa ma ba za ta hau ba." Washegari shi aka fara gani a kai, kuma tun daga ranar ba wanda ya isa ya zauna a gefen dama. Matarsa, Yaya Sumie, ita ke hagu, da butar shayi da curin shinkafa. In ka wuce sai ka ji ta tana cewa, "Matsa mana, tsoho, ka cinye wuri kamar kai ka sassaƙa." Shi kuma ya ce, "Jirgina ne, ke fasinja ce." Nagisa, wannan aikinki ne, kuma mun gode.

Magana ta biyu, abin da ya biyo baya. Baƙi sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Shekara biyu jirgin fito na cika, ana ɗaukar hoto, ana sayen busasshen kifi. Suna zuwa da jirgin safe, suna komawa da na la'asar. Ba wanda ya kwana, ba wanda ya tambayi gidan haya, ba wadda ta zo da ciki ta haihu a nan. Aka rufe makaranta. Aka rufe kantin Toyoko. Likita da ke zuwa kowane mako ya koma zuwa wata-wata. Mu kuwa muna kan bencuna masu kyau muna kallon jirgi na kwashe mu ɗaya bayan ɗaya, wani a zaune, wani a kwance. Ban ɗora wa benci laifi ba, ban ɗora wa mai sassaƙa ba, ban ma ɗora wa ofis ba. Abin da ke cin garin nan ya riga benci zuwa, kuma ya fi ƙarfin katako.

Magana ta uku ita ce mai nauyi. An ce gishirin teku na cin bencunan, kuma babu mai sauran ƙarfin shafa musu fenti. Gaskiya ne. Bara na gwada, na kwana uku ban miƙe ba. Don haka muka amince a kwashe takwas, muka roƙi a bar mana guda ɗaya, na jirgin Genzo, wanda ke tsakiyar hawan maƙabarta. Matakala ɗari da goma sha huɗu ce zuwa sama. Ba wani a cikinmu da zai iya hawa a numfashi ɗaya. A kan bencin nan muke ajiye bokitin ruwa da turare, mu huta, sannan mu ƙarasa wurin mazajenmu da iyayenmu. Sau uku na rubuta takarda. Amsar da ta zo cikin ladabi take: ƙafarsa ta fara ruɓewa, in tsoho ya faɗi babu mai ɗaukar alhaki. Nagisa ta ce za ta riƙa zuwa tana gyarawa. Aka ce jirgi zai koma sau biyu a mako daga watan gobe, gyaran shekara-shekara ba abin dogaro ba ne. Kowa ya faɗi gaskiyarsa, kuma kowa ya yi daidai. Mu ne dai ba za mu ƙara hawa ba.

Kun ga kujerar Yaya Sumie babu kowa. Shekararta tamanin da takwas, shekara huɗu ke nan tana hawa wurin Genzo duk ranar da ba a yi ruwa ba. Ɗanta ya daɗe yana roƙonta ta koma gidan kula da tsofaffi a birni, tana cewa, "Wa zai wanke wa ubanka dutsen kabari?" Da amsar takarda ta uku ta zo, ni na kai mata. Ta sa tabarau ta karanta, ta ninke, ta ce, "To, Fusae, kira mini yaron nan." Jiya na raka ta hawan ƙarshe. Ta wanke dutsen, ta kunna turare, ta ce, "Tsoho, an sallame ni. Ka riƙa share wurinka da kanka, ka ga yadda ake ji." A hanyar saukowa muka zauna a bencin. Ta zauna a hagu, ni kuma na tsaya, don ban iya zama a dama ba. Yanzu tana gida tana ɗaure kaya. Gobe da safe jirgi ɗaya zai ɗauke ta da bencunan. Mu koma ashirin da biyu har da ni.

Roƙona ɗaya ne, ya shugaban taro. Na ga rubutun da za a manna a lambun, an ce wai bencunan nan sun raya tsibirin Orise. Don girman iyayenku, a goge wannan layi. A rubuta cewa mutane sun zauna a kansu, sun ji daɗi, sun ƙare. Ya ishe mu.

Ina roƙon ubangijin teku ya kwantar da ruwa gobe. Magabatanmu da ke kan tudu su yafe mana in sun ga ƙafa ta ɗauke, ba mantuwa ba ce. Baƙinmu ku koma gida lafiya, ku tarar da yara na hayaniya a ƙofofinku. Nagisa, ki daina kuka, hannunki ya yi albarka. Ku kuma masu ɗauka, ku kama na Genzo ta ƙasa, ku huɗu, a hankali, kada ya karye a hannunku.

Na gode da kuka saurari tsohuwa har ƙarshe. Na gode.