An Cire Sunan Adda Saudatu

ABDUSSALAM: Salamu alaikum. Halo? Adda?

SAUDATU: Wa alaikumus salamu. Wa ke magana?

ABDUSSALAM: Ni ne, Abdussalam.

SAUDATU: Wa? Dakata in hau tudu, nan cikin ruga waya ba ta kamawa. To, yi magana.

ABDUSSALAM: Abdussalam ne, Adda Saudatu, daga Bukkuyum.

SAUDATU: Abdu? Sakataren jam'iyya da kanshi! Ina wuni?

ABDUSSALAM: Lafiya lau, Adda. Ina gajiya?

SAUDATU: Babu gajiya. Ya iyali? Ya Naja'atu da ɗiyanta?

ABDUSSALAM: Suna lafiya, suna gaishe ki. Ya ruwa wajenku?

SAUDATU: Ruwa ya yi gyara. Shekaranjiya anka samu mai kyau, har mun fara shuka.

ABDUSSALAM: Madalla. Ya bisashe?

SAUDATU: Waɗanda sunka rage muna suna nan, alhamdulillahi.

ABDUSSALAM: Ya jikin Inna?

SAUDATU: Da sauƙi, ƙafar ce dai. Jiya ma tac ce ɗan da ta ba nono wata goma sha takwas ya zama babban mutum, ya manta hanyar ruga.

ABDUSSALAM: Haba, wa ke manta Inna? Tun ina jinjiri uwata tar rasu, wa yar riƙe ni in ba ita ba? Aikin makaranta ne, ga na jam'iyya.

SAUDATU: To, mun ji. Ya shirin Asabar? Zaɓen shugabannin mazaɓa na nan dai ko?

ABDUSSALAM: Shina nan. A makarantar firamare ta Nasarawa Burkullu za a yi, kamar kullum. Ya su Ardo?

SAUDATU: Abdu, ka gaida ni, ka gaida Inna, ka gaida shanu, yanzu ka koma ga Ardo. Tun kana ƙarami in ka yi ɓarna haka kake zagaye. Mi yaf faru?

ABDUSSALAM: Jiya an zauna gidan ciyaman, Alhaji Maharazu. An yi maslaha.

SAUDATU: An yi masara? Yanzu da anka fara shuka?

ABDUSSALAM: Maslaha, Adda, maslaha. Wato ba za a yi layi ba ran Asabar. An riga an rubuta sunayen shugabanni, karantawa kawai za a yi, a tafa, a watse.

SAUDATU: To. Wa anka sa shugabar mata?

ABDUSSALAM: Amariya, matar ƙanen ciyaman.

SAUDATU: Maimaita, iska ta ɗauke.

ABDUSSALAM: Kin ji ni, Adda.

SAUDATU: Na ji. So nake ka sake faɗi da bakinka.

ABDUSSALAM: An cire sunanki. An cire na Surajo ɗan Ardo daga cikin wakilai. An cire Isa Badakkare ma daga mataimakin sakatare.

SAUDATU: Mu biyu Fulani, shi Badakkare. Cikin mutum ashirin da wani abu, mu uku kaɗai anka ga mun gaji da aiki?

ABDUSSALAM: Ba haka sunka ce ba. Alhaji yac ce lokaci ne yal lalace. Tun harin da anka kai ƙauyen can na wajen Anka, mutanen gari ba su son ganin Bafulatani zaune inda ake shawara. Wai duk abin da anka faɗi a taro, kafin la'asar ya kai daji. Yac ce shi bai zarge ki ba, amma in anka bar ku, gari zai juya wa jam'iyya baya.

SAUDATU: Isa kuma wane daji yake kai wa magana?

ABDUSSALAM: Shi cewa anka yi baƙo ne.

SAUDATU: Baƙo. Kakanshi yas share gonar da ke bayan gulbi, ubanshi nan anka rufe shi. Kai mi kac ce da sunka faɗi haka?

ABDUSSALAM: Adda, tsaya ki ji sauran. Ba a watsar da ke ba. An ƙirƙiro maki muƙami, shugabar kwamitin matan makiyaya. Za a ba ki takarda da hatimi, ranar gangami ki zauna rumfar manya.

SAUDATU: Mai wannan muƙamin tana shiga taron shugabanni?

ABDUSSALAM: A'a.

SAUDATU: Tana jefa ƙuri'a ranar fidda ɗan takara?

ABDUSSALAM: Ba ta yi.

SAUDATU: To aikinta mi ne ne?

ABDUSSALAM: Ta tattaro mata ranar zaɓe.

SAUDATU: Awo. In kawo ƙuri'a, in tsaya bakin ƙofa. Ka ce ma Alhaji na gode, ya ba Amariya wannan, ni a bar mani nawa.

ABDUSSALAM: Adda...

SAUDATU: Bari in gama. Shekara takwas ina riƙe da matan mazaɓar nan. Lokacin da gubar dalma ke kashe yara a Yargalma, wa ya bi masu magani gida gida yana juya maganarsu da Fulatanci? Alhaji da kanshi yat tsaya gaban jama'a yac ce Saudatu ɗiyar jam'iyya ce. Zaɓe biyu na fiddo mata daga ruga tun da asuba, a ƙasa, da goyo a baya, munka tsaya cikin rana har azahar. A lokacin ba wanda yat tambayi yaren da nake mafarki da shi.

ABDUSSALAM: Ba wanda ke musun wannan.

SAUDATU: Kuma ni ce mai kai magana daji? Mutanen dajin nan su sunka harbe mijina Bilyaminu a bakin garke, sunka kore saniya sittin. Kai kad ɗauki makararshi, Abdu. Su sun ce mun zama na gari, gari ya ce mu na daji ne. Ina anka so mu tsaya?

ABDUSSALAM: Wallahi na faɗi maganar Bilyaminu a wurin. Wani yac ce ai wannan rigimar cikin gida ce tsakaninku.

SAUDATU: Wa yaf faɗi?

ABDUSSALAM: Bari dai.

SAUDATU: To na bari. Ni ba kujera ke gabana ba, kujerar roba ce, ina da tabarma. Ka tuna bara da 'yan banga sunka kama samari biyu namu a kasuwa, don kawai sun zo da sanda? Da ba ni cikin shugabanni, wa zai buɗe mani ƙofar ciyaman a ranar? Na shiga, na zauna, na ce ba ni tashi sai an kira a sake su, kuma anka sake su da rai. Ranar da babu ko mutum ɗaya namu a ɗakin nan, wa zai faɗi sunan wanda anka kama?

ABDUSSALAM: Halo? Adda, kina yankewa.

SAUDATU: Ba ni yankewa, kai ne ba ka son ji. Dokar jam'iyya da kak karanta muna da bakinka, ba ta ce in mutum ɗaya bai yarda da maslaha ba sai an yi layi?

ABDUSSALAM: Ta ce.

SAUDATU: To ni ce mutum ɗayan. Ina tahe ran Asabar, in tsaya, masu so na su tsaya bayana. In Amariya ta fi ni mutane, in riƙe hannunta in ɗaga, in koma gida in tatsi nonona.

ABDUSSALAM: Dalilin kiran ke nan. Alhaji yac ce in roƙe ki kada ki zo. Akwai samari da bindigogi a mashigin gulbi, suna tare motoci suna duba fuska. Yac ce in wani abu yas same ki, ba ruwanshi.

SAUDATU: Gargaɗi ne ko barazana?

ABDUSSALAM: Ban sani ba, Adda. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

SAUDATU: Ba ni kaɗai za ni ba. Ka san Habsu mai fura, wadda nake kai ma nono shekara goma sha biyar? Bahausa ce tun kakanni. Tun makon jiya ta ji ƙishin-ƙishin, tac ce mani in anka taɓa ni, ita da matan unguwarsu za su hayo su tarye mu, mu shiga mota ɗaya. Su duba fuskar su gani, su ware ta Habsu daga tawa.

ABDUSSALAM: Ko kun iso, akwai wata matsala.

SAUDATU: Faɗi.

ABDUSSALAM: Sai wanda sunanshi ke cikin rajista zai shiga layi.

SAUDATU: Muna ciki. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya daga rugagen nan, kai kar rubuta mu ƙarƙashin tsamiyar Ardo, Inna tad dama maka fura. Kowa na da katinshi.

ABDUSSALAM: Za a ce katin jabu ne, don ba a ga sunan a littafi ba.

SAUDATU: Ya za a yi a rasa shi a littafi?

ABDUSSALAM: An cire shafukan. Shafi shida.

SAUDATU: Wa yac cire?

ABDUSSALAM: Halo? Adda, kamar layin ya yanke.

SAUDATU: Abdu, layin bai yanke ba, ina jin numfashinka. Littafin wurin wa yake kwana?

ABDUSSALAM: Wurina.

SAUDATU: To.

ABDUSSALAM: Mutum tara a ɗaki, Adda, duk suna kallona. Alhaji yam miƙo mani reza. Yac ce in ba ni iyawa, akwai masu son sakatare, kuma akwai makarantar da ke neman malami can cikin daji inda ba mai dawowa. Ina da 'ya'ya biyar. Na sa hannu a takardar maslaha, na yanke shafukan.

SAUDATU: Sunan Inna na shafi na biyu.

ABDUSSALAM: Na gani. Na ga wurin da tad dangwala yatsa.

SAUDATU: Ba ni gaya mata. Ba don kai ba, don ƙafarta ta ishe ta ciwo.

ABDUSSALAM: Ki zage ni, Adda, ya fi mani sauƙi.

SAUDATU: Ba ni da lokacin zagi, ina da mata ɗari da zan bi kafin Asabar. Kun ƙone su?

ABDUSSALAM: Cewa yay yi in ƙone. Na ce to.

SAUDATU: Ba abin da yac ce nit tambaye ka ba.

ABDUSSALAM: Suna cikin akwatin Naja'atu, ƙarƙashin zannuwa. Na kunna ashana sau biyu, na kasa.

SAUDATU: To ka zo da su.

ABDUSSALAM: In na fiddo su gaban jama'a, na gama aiki a garin nan. Kin san haka.

SAUDATU: Na sani. Ba ni ce maka abu ne mai sauƙi ba, kuma ba ni yi maka alkawarin za mu ci. Wataƙila su kore mu, wataƙila su karanta sunayensu cikin mota su gudu. Amma ka ji wannan da kyau, ka kai mashi yadda nif faɗa. Da takarda ko babu takarda, Saudatu na tahe. Zan tsaya tsakiyar filin makaranta da katina a hannu. Wanda yac ce ni ba 'yar jam'iyya ba ce, ya fito ya faɗi a gabana, da rana, mutane na ji. A ɗaki kunka cire ni, to a fili nake so a cire ni.

ABDUSSALAM: In sunka ce ki bar jam'iyyar fa? Ɗaya ɓangaren za su karɓe ki da gudu.

SAUDATU: Su karɓi ƙuri'ata su aje ni bakin tasu ƙofar? Ba inda za ni. Da ƙafata anka gina wannan, Alhaji ya tarar da ni ciki. Surajo ya san an cire shi?

ABDUSSALAM: Ke na fara kira.

SAUDATU: Ni zan gaya mashi. Isa fa, kana da lambarshi?

ABDUSSALAM: Ina da ita.

SAUDATU: Turo mani. Shi ma ya zo da nashi mutanen, ya tsaya a layin da anka ce na 'yan gari ne.

ABDUSSALAM: Adda, katin wayata ya kusa ƙarewa, matar nan ta kamfanin waya ta yi magana. Ƙarfe nawa za ku taso?

SAUDATU: Don ka gaya mashi?

ABDUSSALAM: Ƙarfe nawa, Adda?

SAUDATU: In mun gama tatsa. Takwas muna bakin gulbi.

ABDUSSALAM: Kada ku haye. Ko Habsu ta iso, ku jira ni. Samarin da ke tsaron mashigin, rabinsu ni na koya musu karatu. Zan zo da babur in shiga gaban motarku.

SAUDATU: Kai kaɗai, ko da abin da ke cikin akwatin Naja'atu?

ABDUSSALAM: Ki ce ma Inna ta jiƙa gero, in an tashi daga taron nan can zan kwana, don ba na jin gari zai zaunu gare ni. Shafukan kuma zan sa su cikin...

SAUDATU: Cikin mi? Halo? Abdu? Abdu! ... To. Sai Asabar ɗin.